Daji Ba Ya Son Ƙarfe

Umma ce ta aike ni, kuma ba irin aiken da ake cewa "sai an ga hali" ba ne. Daren Juma'a ta kira ni ɗakinta ta ce 'yar Kawu ta Daura ta taɓo wani ƙullutu a mamanta na hagu tun kafin babbar sallah, an yi ta rufa-rufa, yanzu magana ta fasu, Kawu kuwa ya ce ba mai kai masa 'ya asibiti yana raye. "Ka je ka same shi," in ji ta. "Ni da na buɗe baki kuka ke riga ni."

Na san abin da ya sa ta zaɓe ni, na kuma san abin da ya sa bai kamata a zaɓe ni ba. Likitan dabbobi ne ni, a Zariya na yi karatu, rabin aikina a kwata yake, ina duba hanta da huhu da saifar shanu kafin mahauta su kwasa. A dangi "likitan shanu" ake ce mini, amma ko ciwon kai wani ya yi ni ake kira. Shekara huɗu da suka wuce ni na tsaya kai da fata sai an yi wa Inna, matar Kawu, aiki. Ta kusa shekara biyu tana ɓoye nata ƙullutun, ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai da ya fashe ya fara wari sannan aka yarda. Aka cire maman, ciwo ya warke sumul, har bikin ƙanwata ta zo Kano ta rangaɗa guɗa. Wata bakwai bayan nan baya ya riƙe ta. Daga "sanyi ne" sai ta kasa miƙewa, hoto ya nuna abin ya shiga ƙashin baya. Ba ta ga wata daminar ba. Kawu bai taɓa ce mini uffan ba. Buhun geron da yake aiko mini duk kaka ne kawai ya daina zuwa.

Asabar da sassafe ina tashar Ƙofar Ruwa. Golf ce, biyu a gaba huɗu a baya. Na biya kuɗin kujera biyu don ƙafata ta sami wurin miƙewa, direba ya karɓa, muna wuce Dambatta kuma ya tsaya ya cusa mini wani dattijo da sandarsa. Ban tanka ba, wanda aka aika neman sulhu ba ya fara faɗa tun a mota. Ƙarshen damina ne, gero ya nuna, wasu har sun fara yanka. Bayan duwatsun Kazaure ƙasa ta koma jigawa, kuma a wasu gonakin, ƙarƙashin dawa, furanni ne masu ruwan hoda a shimfiɗe kamar an baza darduma. Wata budurwa a baya ta ɗaga waya tana ɗauka tana cewa kai, sun yi kyau. Dattijon ko waiwayawa bai yi ba. "Kyan ɗan maciji, 'yata. Ƙuduji ne. Mai gonar nan bana sai ya auni hatsi."

Ana kiran azahar muka shiga Daura ta Abdu. A zaure na sami Kawu. Muka gaisa, gaisuwar da ba ta ƙarewa: Umma, yara, aiki, damina, har shanun da nake dubawa sai da ya tambaya. Aka kawo fura da nono. Ya san abin da ya kawo ni, na san ya sani, ba wanda ya ɗago zancen.

A cikin gida abin ya fi sauƙi, don ita taubashiyata ce, ba shamaki tsakaninmu.

"Likitan shanu, yau ni ce saniyar ke nan?"

"Saniya ai ta fi ki sauƙin kai, ita ba ta ɓoye ciwo."

Ta yi dariya, sannan ta nuna mini kan babban yatsanta, ta ce bai wuce haka ba, kamar ƙwayar gurjiya, ba ya ciwo, yana ɗan motsi in ta taɓa. Shekararta 31, 'ya'yanta uku, mijin yana Legas wajen nema, ya ce duk abin da Baba ya ce shi ke nan. Ita ta yi jinyar Inna daga farko har ƙarshe. Ta rage murya ta ce, "Ina tsoron wuƙa, wallahi. Amma na fi tsoron warin nan."

Da la'asar na ja yaranta muka tafi Kusugu, don in sarara. Rijiyar tana cikin gini yanzu. Mai kula da ita ya zura guga ya jawo mana muka sha, ruwan da sanyinsa, ya soma ba mu labarin Bayajidda da macijin da ya hana mutane ɗiba sai ranar Juma'a. Yaran suna riga shi faɗa, sun haddace. Ni kuwa hankalina ya tafi wani wuri. Labarin yana da daɗi ne saboda macijin guda ne, yana wuri guda, a sare kansa gari ya huta. Haka likitoci suka daɗe suna kallon kansar mama. William Halsted, wani shahararren likitan fiɗa na Baltimore a Amurka, tun ƙarshen ƙarni na 19 ya koyar da cewa ciwon rarrafe yake yi daga inda ya tsiro, don haka a yanke da faɗi: mama, tsokar ƙirji, kaluluwar hammata, duka. An kusa shekara 80 ana haka, kuma mata suna ta mutuwa da ciwon a ƙashi da hanta, nesa da inda wuƙa ta bi. Sai da Bernard Fisher na Pittsburgh da abokan aikinsa suka gwada a kan dubban mata, daga shekarun 1970, aka ga cewa faɗaɗa yanka ba ya ƙara wa mace kwana.

Lahadi bayan asuba Kawu ya saɓa fartanya, ni kuma na bi shi ba tare da an gayyace ni ba. A kusurwar gabas ta gonarsa dawar ta tsumbure, ganyenta ya yi ja kamar wuta ta lasa, ga furannin nan a gindinta. Ya tsaya yana girgiza kai.

"Shekara uku ban sa dawa a nan ba. Ina mayarwa, ga shi."

"To duk shekarun nan ina yake, Kawu?"

"A ƙasa mana. Irinsa kamar ƙura yake, ido ba ya gani. Kwanciya yake, sai ya ji saiwar dawa ko gero sannan ya tashi. Kafin ka ga kansa a waje ya gama tsotse ta."

Babu kuskure ko ɗaya a maganarsa. Gindi guda na ƙuduji yana zubar da iri dubu goma-goma, irin yana iya wuce shekara 10 a ƙasa da ransa, kuma wani sinadari ne da saiwar hatsi ke fitarwa yake tayar da shi.

"Ashe ba garmar da aka sa bana ce ta kawo shi ba."

"Wace garma? Yana nan tun kafin garma."

Na haɗiye yawu na ce, "Haka na Inna yake, Kawu."

Ya daɗe bai ce komai ba. Ya duƙa ya tuge gindi guda ya kaɗe ƙasar. "Daji ba ya son ƙarfe," in ji shi. "Ba ni na ƙirƙira ba, mun tarar ana faɗa. Na kuma gani da idona."

Ni ban taɓa ɗaukar wannan magana a matsayin wauta ba, kuma 'yan bokon da ke yi mata dariya ba sa taimakon kowa. Mutane sun ga an yanka, sun ga an mutu, sun gani sau da yawa. Ganin gaskiya ne. Jerin abin ne ya juye musu, suka ɗauka na baya shi ne na gaba. Bayan rasuwar Inna na yi watanni ina karatun dare, ba don wata jarrabawa ba, don in san ko ni na kashe ta. Abin da na tarar shi na zauna na warware wa Kawu a gindin tsamiya, iya yadda bakina ya iya.

A 1889 wani likitan fiɗa a Landan, Stephen Paget, ya bi bayanan binciken gawar mata 735 da kansar mama ta kashe. Ya ga ciwon ba ya sauka ko'ina sakaka. A hanta ya same shi sau 241, a saifa sau 17 kacal, alhali saifa jini ba ya yanke mata. Ni da nake juya su biyun a hannuna kullum na san haka. Sai ya ce abin kamar shuka ne: iri yana watsuwa ta kowace fuska, amma ba ya tsira sai a ƙasar da ta karɓe shi. A 1928 James Ewing na Amurka ya ce ba wani iri da ƙasa, magudanar jini ce kawai, inda ta fara kai ƙwayar nan take maƙalewa. Yana da tasa gaskiyar, don kansar hanji hanta take fara faɗa wa, kuma can jinin hanji ke fara zuwa. Maganar Paget sai ta kwanta, kusan shekara 90.

Wanda ya tashe ta shi ne Isaiah Fidler, haifaffen Birnin Ƙudus a 1936, wanda, ku ji da kyau, karatun likitan dabbobi ya fara yi a Oklahoma kafin ya koma bincike. Ranar da na karanta wannan sai da na yi murmushi ni kaɗai, ashe likitan shanu ma da ranarsa. A 1970 ya yi wa ƙwayoyin wata kansar fata alama, ya zuba su a jijiyar ɓeraye, ya bi sawunsu. Cikin kwana guda kusan duka sun mutu. Waɗanda suka rayu har suka kafa sabon ciwo ba su kai ɗaya cikin 1,000 ba. Jini ba gidan zama ba ne gare su, hanya ce mai kashe matafiya.

Daga nan ya yi abin da kowane manomi zai gane. Ya ɗebo 'yan waɗanda suka kafu a huhu, ya rene su, ya sake zubawa a wani ɓeran, ya sake ɗebowa daga huhu, har sau 10. Na goman sun fi na farko iya kama huhu nesa ba kusa ba.

"Zaɓen iri ke nan," in ji Kawu. "Zangarniyar da ta fi kyau ita ake ajiyewa."

Shi ne kuwa. A 1977 shi da Margaret Kripke, abokiyar aikinsa kuma matarsa, suka nuna a mujallar Science cewa ƙwayoyin da ke cikin ƙullutu guda ba ɗaya suke ba: akwai ragwaye, akwai 'yan kaɗan da tun suna gida suke da halin tafiya. A 1980 kuma shi da Ian Hart suka dasa guntun huhu da na ƙoda da na ma'ajiyar ƙwai a cikin tsokar ɓeraye, suka saki ƙwayoyin a jini. Ƙwayoyin sun isa ko'ina, amma a guntun huhu da na ma'ajiyar ƙwai suka tsiro, na ƙoda ya zauna fayau. An ɗauke ƙasar daga mazauninta, iri ya bi ta can. Gero a jigawa, shinkafa a fadama.

"Ɓera," in ji Kawu. "Yarinyar nan ba ɓera ba ce." Ba ya kiran sunanta, 'yar fari ce.

Na ce matan Paget 735 ba ɓeraye ba ne. Na ce masa likitoci sun ga matan da aka yi wa aiki suka yi shekara 10, 15, har 20 lafiya lau, sannan ciwon ya farka a ƙashi. Wace wuƙa ce ke jira shekara 20? Na Inna ya shekara biyu yana zubar da iri kafin ƙarfe ya taɓa ta.

Sai ya jefo mini wadda ban shirya mata ba. "To in iri ya riga ya tashi, mi ne amfanin yankan?"

Na yi shiru na ɗan lokaci, don tambayar malamai ce. Na ce tun da ɗaya cikin dubu ne ke tsira, yawan irin da daɗewar zubarsa su ne abin tsoro. Ƙullutu kamar gurjiya na wata huɗu ba ɗaya yake da mai girman lemo na shekara biyu ba. Shi da kansa ba ya jiran ƙuduji ya bushe kafin ya tuge. Wanda ya riga ya tashi kuma, shi ake bi da magani bayan aiki, na ƙarin ruwa da na haɗiya. A nan dole na faɗi nawa laifin. An rubuta wa Inna zagaye shida na kimo, wato maganin kansa na ƙarin ruwa, ta yi biyu, amai ya galabaitar da ita, kuɗi ya ƙare, ni kuma da na ga ciwo ya warke sai na saki jiki ban matsa ba. Ban ce da ta gama da ta rayu ba, wannan sanin Allah ne. Amma ni ma a lokacin macijin Kusugu nake gani, an sare kai an gama.

Daga nan na zarce, kamar yadda ɗan boko kan zarce in ya ga ana saurarensa. Na shiga sunayen magunguna, Kawu ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce rana ta yi. Har muka iso gida bai ƙara cewa komai ba. Na ce a raina na ɓata rawata da tsalle.

Bayan isha'i wani yaro ya ce ana kirana a zaure. Kawu ya miƙo mini wani ƙulli a hankici, idonsa na kan tabarma. "Kuɗin mota ne. Yarinyar nan ta ce tana son ta je ta gaida gwaggonta a Katsina." Daga baya na ji cewa tun da magariba ita ta same shi da kanta, ta durƙusa ta faɗa masa abin da ta faɗa mini game da warin. Don haka ba zan ci bashin yabo ba; ban san ko tsamiya ce ta yi aiki ko durƙuson ba.

Litinin muka kama hanyar Katsina ta Mashi, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ita da ƙaramin ɗanta a baya tana ta tsokanata wai na yi ƙiba da hantar mahauta. Muka sauke kaya gidan gwaggon a wajen Ƙofar Marusa muka wuce asibiti. Yankar kati, layi, wani layin. A bencin mata na ga abin da alƙaluma ke faɗa ba tare da na buɗe takarda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum 120,000 ke kamuwa da kansa a Najeriya duk shekara, ta mama ce kan gaba, kuma galibi sai abu ya yi nisa ake zuwa. Ga wata da hannunta ya kumbura har yatsu, ga wata daga Maraɗi an kwantar da ita a tabarma don zama ya gagare ta. Taubashiyata ta dube su, wasa ya ƙare mata.

Ta yi sa'a likitar mace ce. Da ta fito sai ta ce, "Ni na nuna mata inda abin yake, ita kuma sai laluben hammata take, da gindin wuya, tana tambayata wai ina tari, wai baya na ciwo." Na ce gonakin take zagayawa. Kaluluwar hammata ce zangon farko, ni ma ita nake fara tsagawa a jikin sa in ina neman cuta; tari tambayar huhu ce, ciwon baya tambayar ƙashi. Ba lalle ne likitar ta tuna da Paget ko Fidler a safiyar nan ba, layi ya yi mata yawa. Amma tambayoyinta a kan sawunsu suke tafiya.

Aka ɗauki hoto, aka ce sai Laraba za a sa allura a ciro ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji. Talata ba ni da aiki, sai na taka zuwa hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, na zauna a inuwa ina kallon masu kai da kawo. Tunanina ya sake komawa kan Fidler. Ya koma aiki a cibiyar kansa ta MD Anderson da ke Houston a 1983, ya rasu a watan Mayun 2020, ya bar rubuce-rubucen bincike sama da 800. A can da yawan masu ambaton aikinka ake auna ka. Akwai kuma abin da ya fi ƙirga: shi ya dage cewa in za a gwada magani a jikin ɓera, a dasa ciwon a gaɓar da ta dace da shi, ba a ƙarƙashin fata kawai ba, don ƙasa tana canza halin iri. Tunanin nan na a gyara ƙasa, ba a bi iri kaɗai ba, yau yana cikin allura. Kansa in ta sauka a ƙashi takan zuga ƙwayoyin da ke cin ƙashi, su kuma suna ci suna sako mata abincin da take girma da shi; magani irin su zoledronic acid waɗannan maciya ƙashin yake dannewa. Inna ba ta taɓa jin sunansa ba.

Har 'yar ƙasarmu tana cikin wannan ayari. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan take aiki a Jami'ar Shikago, ta nuna da tawagarta a 2009 cewa da yawa daga kansar maman matan Najeriya da Senegal da suka gwada ba irin wadda sinadarin mata ke ciyarwa ba ce, wato ƙwayar tamoxifen, mai tare wannan sinadari, ba za ta yi mata komai ba. Shi ya sa ba a ba da magani da ka, sai an ga tsokar. A 2025 kuma an buɗe cibiyar kula da masu kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Da, mai buƙatar a gasa masa ciwon da hasken na'ura sai ya nufi Zariya ko Sakkwato ko Abuja. Duk wannan ci gaba ne, ban raina ba. Sai dai abin da aka gano tun 1977 ya kusa shekara 50 bai iso zauren Kawu ba, kuma da ya tashi isowa ba a mujalla ya zo ba, a gindin ƙuduji ya zo.

Laraba aka yi. Bai kai rabin awa ba. Ta fito da ɗan filasta, tana cewa allurar rigakafin yara ma ta fi zafi, ƙarya take, na ga idonta. Likitar ta ce mata yawancin irin wannan ƙullutun a shekarunta ba kansa ba ne, amma ba a rantsuwa sai sakamako ya fito, mako biyu. Na bar ta gidan gwaggo, na rubuta ranar a bayan katinta, na rubuta a wayata, na kuma kira mijin na faɗa masa da bakina.

A Ƙofar Ƙaura na sami motar Kano, wannan karon kujera ɗaya na biya. Mun wuce Charanchi, muna dab da Kankiya, wayata ta yi ƙara. Kawu ne, wanda rabon da ya kira ni shekara huɗu.

"An sa mata ƙarfen?"

"An sa, Kawu. Allura ce."

Na ji numfashinsa, da kukan akuya a bayansa.

"Ta ci abinci?"

Na ce ta ci, tuwon shinkafa ma, har da ƙari. Ya fara wata magana, kamar ya ce in gaida Umma, kamar kuma wani abu game da buhu, sai layin ya yanke. Na yi ta kira har Gidan Mutum Ɗaya bai shiga ba.